Kafin ka biya kuɗin laftof, juya ta ka ƙirga ramukanta

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen laftof, tambayoyinsa ba sa wuce uku: Core i nawa ce, ram ɗinta nawa, batir yana kai awa nawa? Ban taɓa jin wanda ya fara da ramukan da ke jikinta ba, inda ake soka filash da kebul ɗin majigi da igiyar intanet da caja. Ni ma da haka nake, har ranar da na sha kunya a gaban malamai biyar.

Ana saura mako biyu in yi difens, wato kare aikin bincikena a gaban malamai, na sayi wata 'yar gwanjo a wani shago da ke wajen PZ a Zariya. Na tambayi yaron shagon ko tana da HDMI, ramin da ke kai hoto majigi. Ya juya ta, ya ɗora yatsa a kan wani rami mai faɗi, ya ce, "Ga shi nan, Malam, ai wannan babu abin da ba ta da shi." Na leƙa, na ga ya yi kama, na biya. Ranar difens majigin a rufin ɗaki yake rataye, kebul ɗaya tak aka sauko da shi zuwa tebur, na HDMI. Na soka, ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Wani malami ya ce, "Kada ka karya mana kebul, ɗalibi." Ƙarshenta kwamfutar wani abokin karatu na ara, ita kuma ba ta da irin rubutun da na yi aikin da shi, sai duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma 'yan akwatuna a bango. Ramin da aka nuna mini ashe DisplayPort ne. Shi kusurwa ɗaya aka datse masa, HDMI kuwa duka kusurwoyinsa biyu na ƙasa a datse suke. Bambancin bai kai faɗin farce ba, amma ba sa shiga juna. Da na sani, 'yar adafta mai kai DisplayPort zuwa HDMI ta ishe ni.

Tun daga ranar ba na yarda da bakin mai shago a kan rami. Ba na ma yarda da takardar da ke manne a ƙasan kwamfuta, domin masu gyaran 'yan gwanjo suna musayar murfin ƙasa, wani lokacin ma ba da niyyar cuta ba, murfin da ya dace kawai suka samu. Abin da nake yi shi ne in kunna ta, in danna maɓallin Windows tare da R, in rubuta msinfo32. Layin da aka rubuta System Model shi ne sunanta na yanka. Da wannan sunan nake shiga shafin kamfanin a wayata, ina tsaye a shagon. Dell suna ba kowace kwamfuta lamba mai haruffa bakwai da suke kira Service Tag, tana cikin BIOS, wato shafin saitin injin da ke buɗewa idan ka danna F2 lokacin da take tashi. Lenovo suna da PSREF, HP suna da takardun QuickSpecs, kowanne ya jera ramukan ɗaya bayan ɗaya da abin da kowane rami yake iya yi. Masu cewa a buɗe Device Manager ba su yi ƙarya ba, sai dai shi abin da ke cikin injin yake nuna maka, ba zai gaya maka ramuka nawa ne a waje ba, balle wanne ne ya mutu.

To, wacce za a saya? Ni dai ba zan ɓoye ba, Dell Latitude 5490 ce tawa, ta 2018. Ba ta da kyau. Baƙa ce, mai kauri, nauyinta ya haura kilo ɗaya da rabi, idan ka ajiye ta kusa da siraran nan masu sheƙi sai ka ce akwatin kayan kafinta. Amma juya ta ka gani. Tana da HDMI, tana kuma da VGA, a jiki ɗaya. Wanda bai yi yawon gabatar da takarda a garin nan ba ba zai gane girman wannan ba. Zariya garin makarantu ce, daga Samaru zuwa Kongo, daga Gaskiya zuwa Shika, kuma ba ka san irin majigin da za ka tarar ba sai ka shiga ɗakin. Wani sabo ne fil, HDMI kaɗai ya sani. Wani kuma tun zamanin da ake sa wa kebul ƙusoshi biyu ana murɗawa, wato VGA mai huji 15 a layi uku, wanda IBM suka fito da shi a 1987 kuma har yau bai yarda ya mutu ba. Da 5490 duk wanda aka miƙo maka sai ka karɓa ka soka, ka danna Windows da P, shi ke nan. Abu ɗaya dai, VGA hoto kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti, idan akwai bidiyo a aikinka sai ka nemi sifika daban.

Bayan waɗannan tana da ramin USB na gargajiya guda uku, duka masu sauri, da USB-C ɗaya mai fitar da hoto, da ramin memori babba irin na kyamara, da na abin sauraro, da na igiyar intanet. Wannan na ƙarshen mutane sun raina shi, sai ranar da aka ce a ofis ko a cibiyar jarrabawa ta kwamfuta komai ta igiya yake tafiya. Uku ɗin nan na USB kuma ba almubazzaranci ba ne: linzami ya ci ɗaya, firinta ta ci ɗaya, filash ɗin ɗalibin da ya zo karɓar aikinsa ya ci na ukun. Wani abin lura, HDMI ɗinta da ramin intanet da na caja duk a baya suke, ba a gefe ba. Na ga wanda ya duba dama da hagu ya ajiye ta ya ce babu HDMI.

Abin da ya fi kwanta mini a rai ma shi ne ramin cajinta. Zagayayye ne na da, kuma ba a liƙe yake da babban allon injin ba, 'yar igiya ce ta haɗa su. Idan ya gaji da soke-soke, mai gyara zai zare shi ya sa wani. A garin da ana kawo wuta kowa ya ruga ya soka caja, a ɗauke a zare, a tayar da janareto a sake sokawa, ramin caji ne ke fara tsufa.

Sai dai a kula da abu biyu. Akwai 5490 mai injin Intel zubi na 7, akwai mai zubi na 8, kuma jikinsu iri ɗaya ne. Windows 11 daga zubi na 8 ta fara karɓa a hukumance, Microsoft kuma sun rufe tallafin Windows 10 na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka nemi mai i5-8250U ko i5-8350U, kada a miƙo maka i5-7300U a kuɗi ɗaya. Na biyu, da yawansu sikirin ɗinsu 1366 da 768 ne, dishi-dishi. Mai 1920 da 1080 ya cancanci ɗan ƙarin da za a nema.

Sauran fa? ThinkPad T480 kwamfuta ce ta kirki, tana da HDMI da Thunderbolt (wani nau'in USB-C mai ƙarfi) da batir biyu, amma babu VGA, kuma ta USB-C kaɗai take shan caji, ni kuwa ba na son rayuwar kwamfutata ta rataya a kan ɗan ramin nan. HP EliteBook 840 G5 ta fi su kyan gani, ba VGA, ba ramin memori. Yayarta 840 G3 tana da VGA da DisplayPort, babu HDMI, injinta kuma zubi na 6 ne. MacBook Air ta 2020 ramin USB-C biyu ne da na abin sauraro, wanda ya saye ta ya san jakar adafta zai riƙa ratayawa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tunda an ambaci USB-C, nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Sunan siffar rami ne kawai, tun da aka fito da shi a 2014. Ramuka biyu za su yi kama kamar tagwaye, ɗaya yana cajin kwamfuta yana fitar da hoto yana gudun gigabit 40 a daƙiƙa, ɗayan kuwa filash kaɗai ya sani. Na 840 G3 ɗin can misali ne: ba ya cajin kwamfutar, ba ya kai hoto sikirin. Ka duba 'yar alamar da ke gefen ramin. Walƙiya mai kan kibiya Thunderbolt ce, shi ne cikakke. Harafin D mai P a ciki yana nufin hoto zai fita. SS yana nuna saurin kwafi ne kawai. Idan babu alama sai a koma takardar kamfani. Kuma kada walƙiyar da ke gefen USB na gargajiya ta ruɗe ka, ita cewa take yi ramin yana cajin waya ko kwamfutar tana kashe. Mai shago zai ce maka, "Oga, ai da hob komai ya warware." Hob ɗin nan, wato 'yar na'urar da ake sokawa a rami ɗaya ta ba da baki biyar ko bakwai, ba ya ƙirƙiro abin da ramin bai da shi. Idan USB-C ɗinka ba ya fitar da hoto, HDMI ɗin da ke jikin hob ado ne.

Su kansu hob da adafta, jabunsu sun cika kasuwa, daga Sabon Gari har abin da ake kawowa daga Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja. An san mutane sun haddace cewa shuɗin harshe yana nufin USB 3.0, to sai aka koma zuba shuɗiyar roba a kan tsohon USB 2.0. Haska fitilar wayarka cikin ramin. Na 2.0 ƙarafa huɗu gare shi, na 3.0 na gaske tara ne, huɗun nan da ƙarin biyar. Idan idonka bai gani ba, kwafi babban fayil daga filash mai sauri ka kalli lambar da Windows take nunawa. USB 2.0 megabit 480 ne a takarda, wato megabait 60, a aikace da ƙyar yake wuce megabait 40 a daƙiƙa. USB 3.0 gigabit 5 ne. In ka ga kwafin ya maƙale a talatin da wani abu, kuma ka tabbata filash ɗinka ya fi haka gudu, fenti aka sayar maka. Ai shi ma filash ɗin sai an yi hattara, akwai masu nuna gigabait 128 alhali cikinsu bai kai ko kusa ba, ka zuba aikin shekara ya karɓa ba musu, ranar buɗewa ka tarar da fayiloli sun lalace. 'Yar manhajar H2testw tana tona asirinsu, ta cika shi taf sannan ta karanta ta gani.

Adaftar HDMI zuwa VGA kuma hanya ɗaya take bi. Akwai ɗan inji a cikinta da ke juya hoton, kuma daga HDMI zuwa VGA yake juyawa, ba ya komawa baya. Haka ta DisplayPort zuwa HDMI. Na sha ganin an sayo ta juye, a zo ana zagin majigi. Ka faɗa wa mai shago wanne ne a jikin kwamfutarka, wanne ne a jikin sikirin, sannan ka karanta kwalin da kanka.

Cajar Dell tana da nata tarkon, kuma tunda ni na zuga ka ka sayi Dell dole in faɗa. A tsakiyar bakinta akwai wata siririyar allura, ta nan kwamfutar take gane ƙarfin cajar. Jabu, ko ta gaske da allurarta ta lanƙwashe, za ta kunna kwamfutar lafiya lau amma batir ya ƙi hawa, injin kuma ya rage gudu. Shiga BIOS da cajar a soke, wajen bayanin batir zai rubuta ƙarfinta, 65W ko 90W. Idan ya ce bai san ta ba, a canza maka tun kana shagon. Masu caji ta USB-C su ma kada su ɗauka kowane kebul ɗin waya zai yi. Kebul na yau da kullum iyakarsa wat 60, wanda zai kai 100 sai mai ɗan inji a bakinsa, kuma da yawa daga masu arahar nan caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar hoto.

Yanzu idan zan raka wani saye, jakata tana da filash mai sauri, da kebul ɗin HDMI, da abin sauraro, da memori, da guntuwar igiyar intanet. Kowane rami sai na soka masa abinsa, ɗaya bayan ɗaya, ba na gwada USB ɗaya in ɗauka sauran ma haka suke. Idan na soka filash nakan ɗan girgiza shi a hankali, in kwamfutar ta yi ƙarar cirewa da sawa, ramin ya saki. HDMI da VGA kuwa sai na ga hoto a wani sikirin da idona, ko da sai an ɗauko na teburin mai shagon. Wani zai ɓata rai ya ce, "Haba Alhaji, kamar mai sayen mota?" Wani kuma da kansa zai jawo maka kujera ya miƙo kebul, kuma wajen irinsa nake komawa. Cinikin biri a sama na yi sau ɗaya, ya ishe ni.

Idan kuma a hunturu ka je, kada ka yi saurin yanke wa rami hukunci. Ƙurar Zariya tana taruwa a cikin USB-C da ramin abin sauraro har ta daskare, kebul ya ƙi zama daram. A kashe kwamfutar, a sa tsinken sakace na itace a yaye a hankali, ban da allura ko wani ƙarfe, a hura, sannan a sake gwadawa. Idan bayan haka bai kama ba, ko a rage kuɗi ko a ɗauko wata.