'Yan gurguzu a kan jari-hujja da hukuma: inda suka haɗu da inda suka raba gari

Ɗan'uwanmu na Agege ya tambaya: in duk sunansu 'yan gurguzu, me ya sa wasu ke cewa gwamnati ta karɓe masana'antu, wasu kuma na cewa gwamnatin ita ce babbar matsalar?

Malam, ɗauki Keke Napep ka auna su da shi. Mai keke ya ba direba, kullum da yamma sai an kai masa balas, an yi ciniki ko ba a yi ba. Gidan mai ya ci nasa, 'yan tikiti sun ci nasu, abin da ya rage shi ne na direba. A nan bakin 'yan gurguzu ɗaya ne: wanda ya mallaki abin sana'a yana cin gumin wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa. Sun kuma yarda ba mugun halin mai keken ba ne, tsarin ne, domin in ya sassauta, wanda bai sassauta ba zai sayi keke na biyu ya bar shi a baya. Ƙungiyar ƙwadago da yajin aiki ma duk sun amince da su, irin wanda Michael Imoudu ya jagoranta a nan Legas a 1945.

Rigimar tana kan hukuma, wato soja, 'yan sanda, kotu da baitulmali.

Ɓangare na farko, magadan Eduard Bernstein na Jamus, suna ganin hukuma mota ce, wanda ya kama sitiyari shi ke juya ta. A ci zaɓe, a sa wa masu kuɗi haraji, a gyara sannu a hankali. Jam'iyyar Labour ta Ingila ta yi haka bayan 1945: ta mayar da ma'adinan kwal da jiragen ƙasa hannun gwamnati, ta buɗe asibiti kyauta a 1948. Su a wurin keke, dokar ƙayyade balas za su kafa, su ba direba rance ya mallaki nasa. Matsalar ita ce abin da ƙuri'a ta bayar ƙuri'a na iya ƙwacewa. Daga 1979 gwamnatocin da suka biyo baya suka sayar da yawancin kamfanonin. Wani lokaci ma ba a jiran zaɓe: ɗan gurguzu Salvador Allende ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Chile a 1970, soja suka kifar da shi a 1973.

Ɓangare na biyu shi ne na Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, wanda ya ce ai dama an gina motar ne don masu jari, canza direba ba ya canza inda za ta. A rushe ta, ma'aikata su kafa tasu ƙarƙashin jam'iyya, in aka daina samun mai ci da wanda ake ci za ta shuɗe da kanta. A wurinsu kekunan duka na hukuma ne, direba albashi zai karɓa. Tarayyar Sobiyet ta gina manyan masana'antu cikin sauri, amma hukumar ba ta shuɗe ba, ƙiba ta yi. Ofis ɗaya a Mosko ke yanka wa masana'antu adadin abin da za su ƙera, manaja ya cika adadi ko da kayan ba shi da mai so, jama'a kuma na layin abin da babu. A 1991 ta wargaje.

Na uku su ne mutanen Bakunin ɗan Rasha, wanda ɓangaren Karl Marx ya kora daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a taron birnin Hague na 1872. Bakunin ya ce ma'aikacin da ya hau kujera ya tashi daga ma'aikaci, don haka ba a son hukuma ko ta wane ne. Direbobi su haɗa kai su mallaki kekunan, su raba riba. A ganina gargaɗinsa ya tabbata, amma amsarsa ba ta cika ba: ƙungiya za ta iya riƙe tashar keke, wa zai riƙe wutar lantarkin gari kamar Legas? Mutanen Bakunin sun gwada a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen a 1936, kafin 1939 an murƙushe su.

Mu a gida, layin NEPU da PRP na Malam Aminu Kano ya fi kusa da na farko. Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979 da ƙarfin ƙuri'a, duk da haka jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Balarabe Musa kuwa ya ci kujerar gwamnan Kaduna, majalisa na hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi a 1981.