Kwamfutar gem da muka haɗa a Jidda: abin da aka ƙiyasta mana da abin da idona ya gani

Wata huɗu ke nan da muka ɗauko kwamfutar nan daga wani shago a Jidda, kuma sai yanzu na ji ina da bakin magana a kanta. Karo-karo muka yi ni da ƙanena. Shi ɗan gem ɗin harbi na Valorant ne, ni kuwa tun da aka saki Counter-Strike 2 (CS2) a watan Satumba na 2023 ban sake kallon wani gem ba. Tun da Riyad ta karɓi gasar Esports World Cup a 2024 yaron nan ya hana ni sakat, kullum zancensa guda ne: "Yaya, laftof ɗin nan ya gaji."

Kafin mu fitar da ko riyal ɗaya, sai da na shiga irin shafukan nan da ke ƙiyasta maka FPS, wato yawan hotunan da kwamfuta za ta iya zanawa a cikin sakan guda. Na zaɓi furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, katin hoto RTX 3060 mai 12GB, RAM (ma'ajiyar wucin gadi) 16GB, allo 1080p. Shafin ya ba ni lamba sama da 300 a CS2. Da wannan lamba a kaina na je shago.

Ba zan ce shafin ƙarya ya yi ba. Ranar farko na buɗe taswirar Dust II ni kaɗai, babu kowa, kuma lambar ta kai wajen da aka faɗa. Matsalar ita ce babu mai buga gasa shi kaɗai a fili.

Dare na biyu muna taswirar Inferno, mutum biyar da biyar. Abokan gaba suka taho ta lungun Banana, aka jefa bam ɗin hayaƙi biyu, aka bi da na wuta. Na ja linzami zan juya kan wanda ya leƙo ta bayan mota, sai hoton ya ɗan cije, kamar ƙiftawar ido, kafin ya sake tafiya an riga an kwantar da ni. Na duba lambar da ke kusurwa, tana nuna ɗari biyu da wani abu. To ina matsalar take?

A nan ne na koyi abin da ya sa nake wannan rubutu. Lambar da shafukan nan ke bayarwa matsakaiciya ce, an haɗa lokacin da kake tsaye kana kallon bango da lokacin da wuta ta tashi, an raba. Na saka manhajar MSI Afterburner na kunna ma'aunin da ke nuna kashi 1 cikin 100 na hotunan da suka fi jinkiri. Wannan lamba a wajena ko 100 ba ta kaiwa idan hayaƙi ya cika wuri. Hayaƙin CS2 ba irin na CS:GO, gem ɗin da ya gada, ba ne, yana da jiki, yana cika ɗaki, harsashi yana huda shi, gurneti yana yaye shi na ɗan lokaci. Duk wannan lissafi ne da kwamfuta za ta yi daidai lokacin da ka fi bukatar ta. Allo mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a sakan, yana neman sabon hoto duk bayan kusan milisakan 7. Hoto ɗaya ya makara ya ci milisakan 20, hannunka zai ji ko da idonka bai kama ba.

Na mayar da ita shagon. Mai gyaran Bahaushe ne haifaffen Makka, dattijo mai haƙuri, ya buɗe murfin gefe ya haska da fitilar waya, ya nuna min da ɗan yatsa. "Ɗana, ka ga sandar RAM ɗinka guda ɗaya ce. Hanya biyu aka yi mata, kai ta ɗaya kake bi." Wanda ya haɗa ta tun farko sanda ɗaya mai 16GB ya soka, kuma bai kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, ba, don haka tana gudu a 2133 maimakon 3200 da aka rubuta a jikinta. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, domin kuɗin haɗawa na biya. Amma sun canza min da sanduna biyu masu 8GB ba tare da gardama ba, dattijon ya shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ya gyara a gabana. Cijewar nan ta ragu sosai, har ƙanena da bai san an taɓa komai ba ya ce gem ya yi santsi.

Wani abin da shafin bai tambaye ni ba shi ne zafi. Ɗakinmu a saman bene yake, kuma kowa ya san Jidda a watan Agusta. Idan aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, bayan kamar awa ɗaya fankokin sai su fara kuka, gudun ya sauka. Na ɗaga akwatin daga kan darduma na ɗora a tebur, ina kuma kakkaɓe ƙurar raga duk Juma'a. 

Valorant ba ta ba mu wahala ko kaɗan. Tun 2020 da ta fito an san ba ta da nauyi, kuma a nan ƙiyasin ya zo kusa da gaskiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda muka raba kuɗin. Ina cikin wasa katin hoton bai cika wuce kashi 60 ko 70 na ƙarfinsa ba, yana zaune yana jiran furosesa. Na rage ingancin hoto zuwa ƙasa, har na gwada 1280x960 irin wanda ƙwararru da yawa ke amfani da shi, lambar ba ta wani motsa ba. A irin waɗannan gem na harbi furosesa ce ke jan ragama. Da na sani, da kuɗin da muka ƙara wa akwati mai fitilu na zuba su a furosesa Ryzen 7 5700X3D, mai ma'ajiyar L3 (ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa) ta 96MB, inda tawa take da 32MB.

Duk da haka ina son kwamfutar nan, kuma zan ce wa duk ɗan'uwa mai allo 144Hz ya saye irinta hankali kwance, muddin ya tsaya an soka masa RAM biyu a gabansa. Mai neman 240Hz a CS2 kuwa ya ƙara kuɗin furosesa. Sa'ar da muka yi ita ce 5700X3D tana shiga soket ɗin AM4, wato mazaunin furosesa, da muke da shi, sabunta BIOS kawai za a yi. Mun riga mun fara ajiye kuɗinta, dattijon nan kuma ya ce mu kawo masa idan ta iso, shi da kansa zai ɗaura.