Ƙwayoyin ciyawar teku da na sayo wa Baba bayan aikin hanji

Ƙarshen daminar bara ciwon ciki ya turnuƙe Baba da tsakar dare. Ga amai, ciki ya kumbura tim, bayan gida ya tsaya cak. Yini guda cur muka yi muna ɗura masa jiƙo da kanwa kafin muka kai shi asibiti a nan Tawa, aka ce hanji ne ya murɗe. Aka yi masa aiki, aka yanke wani yanki da ya riga ya yi baƙi. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai ya rame ƙwarai, abinci kuma ba ya zama masa.

Ana cikin haka ƙanwata da ke aure a Yamai ta turo mini hoton wata roba ta WhatsApp. "Yaya, an ce wannan na gyaran hanji ne, da ciyawar teku ake yin sa." Jika 18 robar, ƙwaya 60 a ciki. Na ce ta sayi biyu ta ba motar safe. Takardar da ke ciki, da Faransanci, ta ce sinadarin fukoyidan yana kare bangon hanji daga ɓarnar yankewar jini. Da yake kimiyyar halittu nake koyarwa a makarantar sakandare, sai na zauna na bi diddigin maganar kafin Baba ya haɗiyi ko ɗaya.

Maganar tana da tushe. Idan hanji ya murɗe, jijiyoyin da ke kai masa jini suna shaƙewa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɓarnar ba ta ƙarewa da an warware shi. Mu mutanen Adar mun san abin da ruwan farko ke yi wa ƙasar da ta sha fari: ya zo da ƙarfi, ya zaizaye ta, ya tafi da gona. Haka jini ke yi in ya dawo ɗauke da oksijin cikin naman da ya galabaita. Ana samun wasu ɓurɓushin oksijin masu kaifi da ke cin ƙwayoyin halitta, fararen ƙwayoyin jini kuma su yi dafifi su manne a bangon jijiya su ƙara kumburi. A 1981 masu bincike Granger da McCord da abokin aikinsu suka nuna hannun waɗannan ɓurɓushi a hanjin kyanwa. A 1986 Parks da Granger suka gano cewa awa 3 na ƙarancin jini da awa 1 na dawowarsa sun fi awa 4 na ƙarancin jini zalla lalata bangon hanji.

Shi kuwa fukoyidan, wani masani ɗan Suwidin, Harald Kylin, ya fara tace shi a 1913. Yana cikin yauƙin ciyawar teku mai ruwan ƙasa, irin su kombu da wakame da mozuku da ake ci a Japan. Yana rage kaifin waɗancan ɓurɓushi, yana kuma hana fararen ƙwayoyin jini mannewa.

A nan ne na rabu da takardar. Gwaje-gwajen da ake dogaro da su a kan dabbobi aka yi, galibi ɓeraye: a matse jijiyar hanji, a ba da sinadarin kafin a matse ko daidai lokacin sakinta, sau da yawa ta allura. Ɓarnar dawowar jini cikin awoyin farko take aukuwa. Baba kuwa kwanansa 20 da aiki lokacin da robar ta iso. Ƙwayar da aka haɗiya bayan mako uku ba za ta koma baya ta tare abin da ya riga ya wuce ba, kuma takardar ba ta faɗi haka ba. Wannan ya ɓata mini rai, domin mai jinya a ruɗe yake, abin da aka rubuta masa shi zai kama.

Na kai wa likitan robar. Ya juya ta ya ce, "Malam, ka bari sai ɗinki ya kama sosai." Dalilinsa shi ne fukoyidan yana iya tsinka jini kamar yadda heparin, wato maganin hana daskarewar jini, ke yi, kuma Baba bai daɗe da gama allurar hana daskarewar jini ba. Ya kuma tambaya ko yana da maƙoƙo, saboda irin wannan ciyawa cike take da sinadarin aidin. Babban mutum na buƙatar mikrogiram 150 na aidin a rana, robar kuma ba ta rubuta nawa ke cikin kowace ƙwaya ba. Inna tana da maƙoƙo, don haka na hana ta taɓawa, ko da yake ta so.

Bayan wata guda Baba ya fara, ƙwaya ɗaya safe ɗaya dare. Manya ne, suna ƙarnin busasshen kifi, sai da kunu suke wuce masa. "Ɗan nan, wannan abu daga wane tafki aka kwaso shi?" ya tambaye ni ranar farko, yana yamutsa fuska. Makon farko cikinsa ya yi ta ƙugi, bayan gida ya yi laushi, daga baya ya daidaita. Zafin Tawa kuma ya sa ƙwayoyin suka manne da juna tun kafin a kai rabi, sai da na mayar da robar gindin randa.

Cin abincinsa ya dawo wajen mako na uku. Amma a daidai wannan lokacin yana shan maganin ƙarin jini, ga romon kaza, ga miyar zogale da ta kuka kullum, ga jikin da ke warkewa da kansa. Ba zan ɗora wa ƙwayar wannan lada ba. Ba ta cutar da shi ba, iyakar shaidar da zan bayar ke nan, kuma jika 36 kuɗi ne masu nauyi a gidan malamin makaranta.

Ranar da muka koma a duba ɗinki, na tambayi likitan abin da zai iya ceton yankin da aka yanke. Ya ce da mun iso a daren da ciwon ya fara, mai yiwuwa da warwarewa kawai za a yi. Na daɗe zaune a bencin waje kafin na iya tashi. Roba ta biyu ban fasa ta ba, na ba direban motar Yamai ya mayar wa ƙanwata, ko mai kantin zai yarda ya karɓa.