Matsattsen birgi a Damagaram: kaya mai kyau, amma sai an shayar da shi

Tun da tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a farkon watan Satumba na 2024 bayan ruwan sama mai yawa, maganar ginin ƙasa ta sake tashi a Zinder. Wasu sun ce lokacin laka ya wuce, a koma siminti kowa ya huta. Masu wannan magana ba su kwana a ɗakin bulon siminti da rufin kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tsakanin biyun akwai matsattsen birgi, wanda masu faransanci ke ce wa BTC: jar ƙasa da ɗan siminti, a danne su a injin hannu, ba a gasawa. Shi muka duba a nan, yadda ƙananan masu bugawa ke sayar da shi.

Girmansa da aka saba santimita 29,5 ne tsawo, 14 faɗi, 9 tsayi, nauyinsa kilo bakwai zuwa takwas. Bango mai kaurin birgi ɗaya yana cin wajen 30 a kowace murabba'in mita. Idan an buga shi daidai, gefensa kaifi ne, fuskarsa sumul, ba ya buƙatar yaɓe, kuma ɗaki yana riƙe sanyin dare har rana ta take. Ba ya cin itace ko ƙwaya ɗaya. Ta wannan fuska ba mu da ƙorafi.

Matsalar tana farawa daga buhun siminti. Ƙa'ida ita ce siminti ya kai kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin haɗin. A lissafa: buhu mai kilo 50 zai ba da birgi wajen 110 a kashi 6, wajen 80 a kashi 8. Saboda haka tambayar farko ga mai bugawa ita ce, buhu ɗaya birgi nawa yake fitar maka? Wanda ya ce 150 da alfahari, ya faɗa maka da bakinsa cewa simintin bai kai kashi 5 ba. Irin wannan zai yi aiki a bangon cikin ɗaki, amma bangon gabas da ruwan damina ke duka da iska zai fara zubar da gari tun shekarar farko.

Ƙasar ma ba kowace ba. Baƙar lakar tapki, wadda kakanninmu suka yi tubali da ita, ba ta jituwa da siminti: tana kumbura in ta jiƙe, ta tsage in ta bushe. Rairayi zalla kuma ba ya kamuwa a inji. Ana son jar marmara mai yashi, an tankaɗe ta, wadda yumɓunta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Gwajin ba wuya: a zuba ƙasar a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza, a bari ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, yumɓu a sama, ido ya ga rabon kowanne. Danshin haɗin kuwa, a dunƙula a hannu a saki daga tsayin ƙirji. In ya fashe gida huɗu ko biyar ya yi, in ya watse kamar gari ruwa ya gaza, in ya lafe bai fashe ba ruwa ya yi yawa. Kuma haɗin da ya wuce awa ɗaya a ƙasa kafin a danne shi, simintinsa ya riga ya fara mutuwa.

Inda aka fi yin ha'inci shi ne shayarwa, kuma nan ne halin garinmu ya shigo. Birgin da ya fito daga inji yana son a jera shi, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, sannan ya cika kwana 28 kafin a ɗora shi a bango. A garin da famfo ke ɗaukewa lokacin bazara, ana sayen jarka a hannun ƴan ga-ruwa, ruwan shayarwa kuɗi ne, kuma shi ake fara yankewa domin mai saye ba ya gani. Da hunturu abin ya fi muni, iska na busar da birgi cikin yini guda, ya yi kyau a ido, cikinsa gari. Kada a yarda da kallo. A ɗauki uku daga tsakiyar tsibi, ba waɗanda aka miƙo ba, a nutsar a bokiti awa 24. Mai kyau zai fito da kaifin gefensa, ruwan bai yi ja sosai ba. A karta shi da ƙusa. In ƙusar ta shiga kamar a sabulu, a bar musu kayansu.

Sauran laifin na magina ne. Birgin nan ba ya zama a ƙasa kai tsaye. Damagaram dutse ne ko'ina, sai a yi masa gindi da dutse da siminti ya tashi santimita 30 zuwa 40 sama da ƙasa. Kwaɓin haɗi a yi shi da ƙasar birgin, a ɗan ƙara siminti, kauri kada ya wuce santimita ɗaya da rabi. Indararo ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da bango.

Akwai kuma abin da birgi ba zai gyara ba, komai kyansa. Garin yana faɗaɗa, ana yanka filaye a sayar kafin a haƙa magudanar ruwa, wani filin ma a kan hanyar ruwa yake ko a bakin tapki da aka cike da shara. Ma'aikatar magajin gari ce ke da alhakin tsara wannan, amma mai sayen fili ya je ya gan shi a watan Agusta bayan ruwa, ba a watan Maris ba. Ruwan da ya kwana uku a gindin bango zai iya kayar da na siminti ma. Ramukan da ake ɗibar ƙasa su ma abin lura ne: yawancin tapkunan cikin gari daga haƙar ƙasar gini suka samo asali, kuma ramin da aka buɗe yau a bayan gari, gobe unguwa ta kewaye shi, ya zama gidan sauro da haɗari ga yara. Ya kamata a keɓe wuraren haƙa tun a taswira.

A kan kuɗi, kada a sa ran araha mai yawa bisa bulon siminti. Ribar tana wajen yaɓe da fenti da ba a yi, da fanka da ba ta kwana tana juyi. Wanda zai yi oda ya yi ta wata guda kafin aiki, ya sa a rubuta ranar bugawa a kan kowane tsibi, ya kuma ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda wanda zai fashe a amalanke.