Wata bakwai da injin turbo a tsohuwar Nova: abin da garejin ya iya da inda ya gaza

Ranar da na je ɗauko motar, mai garejin bai miƙo min makulli nan take ba. Sai da ya zaunar da ni a kujerar mai zaman banza, ya fita da ni kan titi, ya ɗan taka totur. Da farko gurnani ne irin wanda na saba ji. Allurar juyin inji na haura dubu uku sai wani fito ya taso daga ƙarƙashin bonet, irin na tirela in tana hawan tudu, bayana ya manne da kujera, gindin motar ya fara zillo gefe. Ya ɗaga ƙafa, ya kalle ni, ya ce kada in kuskura in gwada sauran ƙarfin da waɗannan tayoyin. Yau wata bakwai ke nan ina hawanta a Hustan ta jihar Tekzas, zumuɗi ya kwanta, zan iya faɗin ra'ayina kan aikin ba tare da son zuciya ba.

Motar Chevrolet Nova ce ƙirar 1972, mai ƙofa biyu. Na saye ta da injinta na asali, 350 (lambar girman injin ce a ma'aunin inci) mai kafireta, wanda a takarda ƙarfin doki 165 ne kacal. Duk mai jin labarin motocin ƙarfi na Amurka zai yi mamakin wannan adadi, tunda a 1970 akwai Chevelle mai injin 454 da aka rubuta wa 450. Abin da ya faru shi ne daga 1971 kamfanoni sun rage matsin cikin silinda don injuna su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, a 1972 kuma aka sauya yadda ake auna ƙarfin, aka koma aunawa da salansa da duk tarkacen inji a jiki. To, Nova tawa a wannan zamanin ta faɗo. Ƙara kamar zaki, gudu kamar jakin Kano.

Na je garejin da niyyar a gyara min 350 ɗin a ɗora masa turbo. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in kuɗina sun yi min yawa ne to bismillah, amma shi da motarsa ce injin a-kori-kura zai sa. Nufinsa injin lita 5.3 na dangin LS, wanda kamfanin GM mai ƙera Chevrolet ya zuba a Silverado da Tahoe tun daga 1999. Akwai su jibge a wuraren da ake yanka motocin haɗari, kamar dai ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman injin Golf. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kowane mazaunin karanshaf noti shida ne ke riƙe da shi, huɗu daga ƙasa biyu daga gefe. Shi ya sa yake jure matsin da zai tarwatsa injuna da yawa. Da na faɗa wa yayana a waya, dariya ya yi ya ce, "Wato ka je har Amurka don ka sa wa motar gayu injin ɗaukar kaya?"

A nan garejin ya fara burge ni. Bai sauya fistin ko ɗaya ba, bai sauya karanshaf ba. Ya kwance injin, ya wanke, ya auna, ya sa sabbin metal, ya sauya kamshaf da sifirin ɗin bawul, ya ɗaure kan silinda da sababbin gaskit da notuna masu ƙarfi. Wata Asabar na same shi zaune kan kujera yana goga bakin rin, wato zoben da ke zagaye da fistin, da ɗan ƙaramin dutsen niƙa na hannu. Ya goga kaɗan, ya zura rin ɗin cikin silinda, ya auna tazarar da siririn ƙarfe, ya sake cirewa. Rin goma sha shida, ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi dalili, ya ce turbo na ƙara zafi, zafi na sa rin ya buɗe, in bakinsa biyu suka haɗu ba su da wurin zuwa sai su ɓalle kan fistin. Ya ce yawancin injunan da ake kawo masa a fashe ba ƙarfi ne ya kashe su ba, wannan aikin na yini guda ne aka yi wa ƙyuya. Tun daga ranar na daina tsayawa a kansa ina tambaye-tambaye.

Ga wanda bai san abin ba: turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin salansa na juya ɗaya, ɗayar tana cusa iska cikin inji. Iskar da muke shaƙa matsinta 14.7 ne a ma'aunin psi, irin wanda ake auna iskar taya da shi, tawa an saita ta ƙara 10 a kai, kusan kashi biyu cikin uku ke nan na ƙarin iska. Ƙarin iska na neman ƙarin mai, kuma kafireta ba ta da wayon bin wannan lissafi yadda ake so. Don haka aka sa kwamfutar inji ta Holley Terminator X, da manyan nozul, da famfon mai biyu. A kan na'urar auna ƙarfi motar ta ɗan haura ƙarfin doki 500 a taya. Amma ni ba wannan ne ya fi faranta min ba. Da safe in murɗa makulli sau ɗaya ta tashi ta zauna daidai, babu famfa totur, babu warin ɗanyen fetur a gareji har uwargida ta yi magana. A cunkoson babban titin I-10 tana bin layi lafiya lau kamar Corolla. Wajen saitin kwamfuta, mutumin nan gwani ne, ba ni da ta cewa.

Yanzu ga inda muka saɓa.

Ya ce min mako goma, sai da motar ta kusa wata shida a wurinsa. In ka kira, yaronsa ne ke ɗauka, kullum ana jiran wani kaya. Wannan na iya haƙura da shi, bakanike bakanike ne ko a ina. Abin da ya ci min rai shi ne lissafin kuɗi. Takardar farko da ya ba ni inji ne da turbo da wayoyi. Sai da aiki ya yi nisa sannan sauran suka fara fitowa ɗaya-ɗaya. Tsohon giyabos ba zai ɗauka ba, sai 4L80E, wanda girmansa ya sa aka bubbuga ƙasan motar da guduma kafin ya shiga. Farantin baƙin mai na a-kori-kura ya yi zurfi, yana kusa da taɓa ƙasa, sai wani. Bakin aksul na baya sai an sauya shi da irin na Ford mai inci tara. Birkin gaba na ganga ne, sai faifai. Kowanne gaskiya ne ana buƙatarsa, ban musa ba. Amma mutumin da ya yi irin wannan aiki sau da dama ya san da su tun ranar farko. A ƙarshe abin da na kashe ya kusa ninka abin da na shirya, kuma injin kansa yana cikin abubuwan da suka fi arha a jerin.

Na biyu zafi. Mako uku da ɗaukowa, ina dawowa daga Juma'a, inji ya fara tari yana karkarwa. Na tsaya na buɗe bonet, sai ga wayoyin fulogi biyu sun narke sun manne da bututun hayaƙi, suna wari kamar an ƙona takalmin roba. An bi da bututun ne daf da su ba tare da wani rufi ba. Ya gyara kyauta, ya sa wa wayoyin riga, ya naɗe bututun, ya lulluɓe turbo ɗin da bargonsa. Da kyau. Sai dai wanda ke aiki a garin da zafinsa ke narka kwalta bai kamata ya jira wannan ta faru ba.

Akwai kuma laifina, kada in ɗora masa duka. Bututan hayaƙin da ke ɗauke da turbo ni na sayo su ta intanet don arha, bayan ya gargaɗe ni. A wata na huɗu ɗaya ya tsage a wurin walda, motar ta koma tana cika baki babu aiki. Bai ce min komai ba, ya dai nuna min tsagar da yatsa.

Batun mai, E85 take sha, wanda yawancinsa sinadarin itanol ne na masara. Yana sanyaya iskar da ke shiga silinda kuma yana hana inji ƙwanƙwasa, shi ya sa masu turbo ke son sa. Amma tana shan sa fiye da fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ba kowane gidan mai ke da shi ba. Yawan itanol ɗin ma na sauyawa daga famfo zuwa famfo, abin da ya sa ya saka na'urar da ke aunawa ta gaya wa kwamfuta, har in na rasa shi na zuba fetur sai ta rage ƙarfi da kanta. Wannan dabara tasa ce, kuma ta fisshe ni sau biyu a hanyar San Antoniyo. Famfunan mai kuwa suna kuka a bayan kujera kamar rumbun zuma, na saba.

Zan sake kai masa aiki? Zan kai, don har yau injin bai ɗigar da mai ba, bai taɓa zafi ba, kuma duk wanda ya leƙa ƙarƙashin bonet sai ya tambaye ni wa ya ja wayoyin nan. Motar dai ba ta da na'urar sanyi har yanzu, domin turbo ya zauna a inda kwamfuresa za ta zauna, a bazarar Hustan kuwa sai bayan la'asar nake iya fita da ita. Mun yi magana zai matsar da wasu abubuwa ya samar mata wuri. Na ce masa wannan karon komai a rubuce, har da wankin hannu, kafin ya kwance noti ɗaya. Ya yi murmushi ya ce mako uku. Na sa wata biyu a raina.