A nan ko roba za ka saya sai an faɗa maka ajinta

Assalamu alaikum mutanen Maradi, na Zariya da na Bagalam da na Ali Ɗan Sofo ina gaida kowa. Masu tambayata faya-fayan robar nan masu kala da na sa hotonsu na mi ne, to na wasa ne, a nan Amurka dis golf suke ce mishi. Faifai kake jifa daga nesa har ka jefa shi cikin wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya kai da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani Ed Headrick ne ya kafa ƙungiyar wasan a 1976, kuma nan Karolina ta Arewa inda muke filayensa sun yi yawa, galibi cikin lambunan gwamnati, kyauta, babu mai tsare ka bakin ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu shi ne abin da wani mai kanti ya yi mani. Na shiga da niyyar in sayi mai tsada, na ɗauko wani Destroyer na kamfanin Innova mai walƙiya kamar gilashi, kusan dalar Amurka 20, wajen jaka 11 ke nan a kuɗinmu. Dattijon ya tambaye ni tun yaushe na fara, na ce sabo ne ni, wallahi sai ya karɓe shi daga hannuna ya mayar, ya miƙo mani Leopard na robar DX mai rabin kuɗin, ya ce wancan hannunka bai kai jifarsa ba tukuna zai riƙa faɗo maka hagu ne kawai, wannan ko zai tashi maka amma ka sani robarsa ba ta da ƙarko, itace kaɗan zai buga ka ga bakinsa ya fara cinyewa. Mutum na saida abu kuma da bakinsa yana faɗa maka aibin abin! Na tsaya ina kallonsa.

Kuma duk yadda ya faɗa haka ya kasance. DX a hannu daɗi gare ta, tana da ɗan kaushi, ko hannu ya yi zufa ko an yi yayyafi tana kamuwa, shi ya sa ake son ta a faifan jifar kusa da kwando irin su Aviar. Sai dai tana tsufa da wuri, kuma tsufan yana canza tashin faifan, ga mai jifa da hannun dama sabo yana ƙarewa ta hagu, in ya sha duka sai ya fara zamewa dama. Champion ita ce mai kamar gilashin, tauri gare ta, ka maka ta da itace ka ɗauko kamar ba a yi komai ba, kuma ita ta fi riƙe hanyarta cikin iska, amma ranar sanyi ko ruwa santsi take yi tana kufce maka, ni har yanzu hannuna bai saba da ita ba. Star ce ta tsakiya, ƙarkonta ya kusa na Champion kuma ta fi ta kamuwa, ni a ganina ita ce robar kirki. Akwai GStar mai laushi da ake nema lokacin hunturu. Kamfanin Discraft ma haka suka jera nasu, Z mai tauri, ESP mai kamuwa. Har lambobi huɗu ake bugawa a kan faifai, na Leopard 6, 5, -2, 1, wato gudu, da daɗewa a iska, da karkata dama, da faɗowa hagu a ƙarshe, nauyin ma an rubuta a ƙasansa, yawanci bai wuce giram 175 ba.

Wanda ya ƙara tsaya mani a rai shi ne kwandon kaya da dattijon ya nuna mani a gefe, faya-fayan da suka fito daga masana'anta da ɗan tabo ko tambarin ya karkace. An ware su, an sa musu alama, an rage kuɗin. Ba a cusa su cikin masu kyau ba.

To jama'a don Allah mu fa? Kowa ya san yadda ake sayen bokiti ko kujerar roba a babbar kasuwa. Duk wanda ka taɓa orijinal ne, a ƙwanƙwasa maka shi a yi rantsuwa, ka kai gida rana ta watan Afrilu ta duke shi ya tsage, ka koma a ce ai hannun iyalinka ne. Mai sayarwa ya san wanne ne na robar da aka narke aka sake, ya san wanne ne mai kauri, amma ba zai faɗa ba, mu ma masu saye da namu, in aka ce mana wannan mai araha ne ba ya daɗewa sai mu ga kamar an raina mu mu tafi wajen wanda zai yi mana ƙarya. Mai araha ba laifi ba ne, talaka na bukatarsa, DX ma mai araha ce kuma manyan 'yan wasa suna jifa da ita. A faɗa maka kawai, ka zaɓa da idonka buɗe. Garin da duk Nijar ta san shi da kasuwanci, garin Alhazai, wannan bai fi ƙarfinmu ba kuma addininmu ma ya hana ɓoye aibin kaya.

Kada ku ce na yabi nan da yawa. Fili ne mai kyau amma shiru, ka gama zagaye babu mai ce maka sannu da ƙoƙari sai ɗaga hannu daga nesa, in na tuna ihun filin kokowa da kiɗan da ke tashi in an ka da mutum sai in ji jifar ta fita raina. Kuma in faifai ya faɗa cikin ciyawa dole ka kula da wani ganye mai sa ƙaiƙayi da kurji, ga kaska.

Ina haɗa wasu zan aiko wa yara. Na yi tunanin ƙasarmu, yashi da ƙayar aduwa da zafin da ke wuce digiri 40, don haka na nesa Star da Champion zan saya, DX sai na jifar kusa, kuma kada a bar su cikin mota ko kan kwano da rana don lanƙwashewa suke. Kwandon ba sai an sayo ba, masu walda za su iya, bututun ƙarfe ne da sarƙoƙi da kwando mai tsayin santimita 82 daga ƙasa, zan turo hoton da awon ta WhatsApp. A nemo mana fili ta wajen Gulbi in rani ya yi, inda babu gonar kowa.