Jama'a, a yi hattara da masu tallan dashen haƙori mai araha

Wata uku ke nan da aka cire wa yayata ƙusar haƙorin da wani ya dasa mata a muƙamuƙi, kuma har yau da gefe ɗaya take tauna. A WhatsApp ta ga tallan: dashen haƙori na ƙarfen taitaniyam, rabin kuɗin asibiti, ki ci nama a ranar. Ta biya. Bayan sati shida dasashinta ya kumbura, mugunya na fita, haƙorin yana motsi idan ta taɓa shi da harshe.

Likitan da muka je wurinsa daga baya ya ɗora ƙusar a kan auduga ya nuna mini. Sumul take, tana ƙyalli kamar sabon noti. Ya tambaye mu kwalinta da lambarta, babu ko ɗaya.

Ga abin da mayaudaran nan ba sa faɗa. Tun da likitan nan ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya manne wa taitaniyam har ya ƙi rabuwa, aka gane cewa ƙarfin dashen yana wurin haɗuwar ƙashi da jikin ƙarfen. A 1965 ya dasa wa mutum na farko. Ƙusoshin wancan zamani masu santsi ne, shi ya sa ake jira wata uku zuwa shida kafin a ɗora haƙori. Na yanzu kuwa, kamfanonin kirki sukan fesa musu ƙananan tsakuwa da ƙarfi, su jiƙa su a ruwan asid, jikinsu ya yi kaushi da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Cikin ramukan nan jini ke daskarewa, ƙwayoyin ƙashi su samu wurin kamawa, har jiran ya ragu zuwa sati shida ko takwas. Sai kuma a wanke ta tas, a kashe ƙwayoyin cuta, a rufe. Wannan aikin shi ne tsadar, kuma shi ne ɗan jabu yake tsallakewa. Idan aka bar datti ko maiƙo a jikin ƙarfen, tsoka ce za ta kewaye shi maimakon ƙashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yayata tana da ciwon suga, wanda yake jinkirta warkewar ƙashi. Wanda ya yi mata dashen ko tambayarta bai yi ba. Hoton ƙashi ma bai ɗauka ba.

Don Allah, kafin a huda muƙamuƙinku, ku nemi rajistar likitan da MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya, a buɗe kwalin a gabanku, ku riƙe takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar ƙusar.

Yanzu sai an yi mata cikon ƙashi, a jira ya warke, sannan a sake dashe. Shi kuwa mutumin, wayarsa a kashe take.